Wa Ke Duba Alƙalamin Mai Gabatar Da Ƙara?

(Jawabin da wani tsohon lauyan gwamnati ya gabatar a taron shekara na ɗalibai 'yan asalin Boɗinga da Shagari. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.)



Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga shugabanninku da suka ga ya dace su kira tsoho ya yi magana a gaban masu ilmi. Da suka same ni a gida sun ce in zaɓi abin da na ga dama game da shari'a. Na san da yawanku kuna jiran in yi magana a kan alƙalai, gama in aka ce shari'a, alƙali ke fara faɗowa a rai. To, ni a kan wani mutum zan yi magana, wanda ba ya hawa kujerar alƙali, ba a miƙewa tsaye in ya shigo, amma sau da yawa kafin alƙali ya buɗe baki shi ya riga ya yanke wa mutum ƙaddararsa. Wannan mutum shi ne mai gabatar da ƙara, watau lauyan da ke tsayawa a madadin gwamnati ya tuhumi wanda ake zargi da laifi. Tambayar da nake so mu tafi da ita gida ita ce: in shi ne ke zaɓen wanda za a kai gaban shari'a, shi kuma wa ke duba aikinsa?

Daga Hanyar Boɗinga Zuwa Kotun Tarayya

Bari mu ƙaddara wani abu da kowa a cikinku zai iya gani a zuci. Wani direban haya ya taso daga Sakkwato da sassafe za shi Jega. A tasha wani mutum ya ba shi kwali a ɗaure ya ce saƙo ne, za a karɓa a Tambuwal. Ya wuce Boɗinga lafiya, kafin ya kai Shagari jami'an tsaro suka tsayar da shi, aka buɗe kwali, sai ga ƙwayoyin da doka ta hana. Fataucin miyagun ƙwayoyi laifi ne a ƙarƙashin dokar Tarayya, sabo da haka maganar ta wuce kotun majistare ta garinsu, Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato ce za ta saurare ta.

Amma kafin a kai can, akwai wani lauya a wani ofis da za a ajiye wa fayil ɗin bincike a kan teburinsa. Shi zai duba ko direban ya san abin da ke cikin kwalin, ko kuwa mai tsautsayi ne kawai. Shi zai zaɓi ko a tuhume shi da fatauci, ko da mallaka, ko a mai da shi shaida a kan wanda ya ba da saƙon, ko a sallame shi ya koma ga iyalinsa. Shi zai yanke shawarar ko gwamnati ta ƙi amincewa da beli. Tsakanin waɗannan zaɓuɓɓuka akwai shekaru masu yawa na rayuwar ɗan Adam, akwai motar da aka ci bashi aka saya, akwai yara a makaranta. Duk wannan ana yin sa ne a ɗaki, ƙofa a rufe, ba ɗan kallo, ba ɗan jarida. Alƙali kuwa in ya yi kuskure a bainar jama'a yake yi, ya rubuta dalilinsa, a ɗaukaka ƙara a gyara. Wannan bambanci shi ne tushen jawabina.

Asalin Wannan Iko

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga maganar adalcin masu mulki. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wancan lokaci, kuma shi ne marubucin Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin abin da ya wajaba a kan shugabanni da alƙalai. Sai dai a kotunan alƙalai na da, mai ƙara shi ke kawo ƙararsa da bakinsa, ya kawo shaidunsa. In kisan kai ne, magadan mamaci ke da magana. Lauyan gwamnati mai tsayawa tsakanin wanda aka zalunta da alƙali, da tsarin Ingilishi ya zo mana, ya kuma kafu sosai a Arewa bayan da dokar Final Kod da dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka suka fara aiki a 1960.

Tsarin Mulkin 'yancin kai na 1960 ya ɗora ikon tuhuma a hannun Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ma'aikacin gwamnati wanda ba ya karɓar umurni daga kowa game da wannan aiki. Ba a daɗe ba aka sake shawara. Tsarin Mulkin Jamhuriya na 1963 ya mai da ikon hannun Atoni Janar, wanda ɗan majalisar ministoci ne. Haka aka ci gaba a Tsarin Mulkin 1979, wanda a ƙarƙashinsa ne ɗanku, Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, Allah ya jiƙansa, ya yi rantsuwar kama mulki ran 1 ga Oktoba na wannan shekara. Wanda ya naɗa Atoni Janar kuma Ministan Shari'a shi ne Cif Richard Akinjide, lauyan da ya tsaya masa a shari'ar zaɓe da Cif Obafemi Awolowo, shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku. Ban kawo wannan don sukar kowa ba, gama kowane shugaba da ya zo bayansa amintaccensa ya naɗa. Na kawo shi ne don ku ga yadda tsarin ya haɗa riga biyu a jikin mutum ɗaya: rigar ɗan siyasa mai biyayya ga shugaba, da rigar babban jami'in doka mai biyayya ga gaskiya.

Abin da sashe na 160 na Tsarin Mulkin 1979 ya tanada, shi ne yau a sashe na 174 na Tsarin Mulkin 1999, takwaransa na jihohi kuwa sashe na 211. Atoni Janar na Tarayya yana da ikon shigar da ƙarar laifi a kowace kotu ban da kotun soja, game da laifuffukan da ke cikin dokokin Majalisar Tarayya. Yana da ikon karɓe ƙarar da wata hukuma ko wani mutum ya shigar. Yana kuma da ikon janye ta a kowane mataki matuƙar ba a yanke hukunci ba. Yana iya yin haka da kansa ko ta hannun ma'aikatansa. Linzamin da aka sa masa jimla ɗaya ce, cewa ya yi la'akari da maslahar jama'a, da bukatar adalci, da hana wasa da shari'a.

Hukunce-hukunce Biyu Na Kotun Ƙoli

To, in ya ƙi yin la'akarin fa? An gwada wannan tambaya a zamanin Jamhuriya ta Biyu. A Legas wani lauya ya shigar da ƙarar laifi da kansa a kan wasu jami'ai, cikinsu har da Daraktan Gabatar da Ƙararraki na jihar, Ilori, sai Atoni Janar na jihar ya shigar da takardar janye ƙarar. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1983 Mai Shari'a Kayode Eso ya karanta babban hukunci. Taƙaitaccen abin da kotun ta ce shi ne, ba ta da hurumin bincika dalilin Atoni Janar. In ya yi ba daidai ba, maganinsa bakin jama'a da kuma wanda ya naɗa shi, wanda ke iya sauke shi. Hukuncin a kan ikon Atoni Janar na jiha aka yi shi, amma kalmomin sashen iri ɗaya ne da na Tarayya.

Na biyu a Kaduna ya faru. Kun karanta a tarihi yadda Majalisar Dokokin jihar ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa har ta tsige shi a 1981. Ba kwamishinoni ke nan ba Atoni Janar. A cikin wannan hali sai babban lauyan ma'aikata, wanda ake kira Solisita Janar, ya janye wata ƙarar kisan kai. Mahaifin mamacin bai haƙura ba, ya kai ƙara, kuma a 1985 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta ce wannan iko na Atoni Janar ne shi kaɗai, ba mai taɓa shi sai wanda ya wakilta, in kuwa kujerar ba kowa to ba wakilci.

In kun haɗa hukuncin nan biyu ga abin da za ku samu. Kotu za ta tambaya, wa ya sa hannu? Amma ba za ta tambaya ba, don me ya sa hannu? Tun da ƙofar waje a rufe take, ashe tsaron da ya rage na cikin gida ne, watau yadda ma'aikata ke duba aikin lauyoyinta kafin takarda ta fita.

Yadda Fayil Ke Tafiya A Cikin Gida

A ƙa'ida, in fayil ya iso Ma'aikatar Shari'a ana miƙa shi ga ƙaramin lauya ya karanta ya rubuta shawara. Na gaba da shi ya duba, ya gyara, in al'amarin mai nauyi ne ya hau zuwa ga Darakta, wani lokaci har ga Atoni Janar. Hukumomi kamar EFCC da ICPC da NDLEA suna da nasu lauyoyin da ke shigar da ƙara, amma duk a ƙarƙashin inuwar sashe na 174 suke. Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙara ɗaure wasu wurare. Sashe na 106 ya iyakance masu gabatar da ƙara ga lauyoyi. Sashe na 376 ya ba Atoni Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya same shi ya ba da shawarar ko akwai abin tuhuma ko babu. Sashe na 270 kuwa ya shimfiɗa sharuɗɗan yarjejeniyar amsa laifi don samun sassauci, ya ce a rubuce za a yi ta, kuma alƙali ya tabbatar ba tilasta wa mutum aka yi ba.

Wannan shi ne abin da ke takarda. Bari in gaya muku abin da ke kan teburi, kuma da kaina zan fara, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ina ƙaramin lauya, a wani ofis da ba sai na ambata ba, an kawo mini fayil ɗin wani saurayi da ke tsare. Na ajiye shi a ƙasan wasu, na tafi hutu, na dawo, aka tura ni wani aiki. Sai bayan fiye da shekara wata dattijuwa ta zo ta zauna a bakin ƙofata tun safe har azahar, ta ce ita ce uwarsa. Da na buɗe fayil ɗin ban yi rabin sa'a ba na ga babu shaidar da za ta ɗaure ko akuya. Na rubuta a sake shi. Ba wanda ya tuhume ni, ba wanda ma ya sani, domin babu littafin da ke nuna ranar da fayil ya shigo da ranar da ya kamata ya fita. Har yau in na tuna godiyar da matar nan ta yi mini, kunya ke kama ni. In kuka ji ana cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ku sani wani kaso na laifin a kan irin teburina yake.

Abin Da Ya Faru A Abuja A 2024

Ga misali na kusa wanda duk kun gani a wayoyinku. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 an kama mutane da dama a Arewa, musamman Kano da Kaduna. Ran 1 ga Nuwamba 'yan sanda suka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhume-tuhume har da cin amanar ƙasa. A cikinsu akwai yara ƙanana, ramammu bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Ƙasa ta ɗauki kuka. Atoni Janar Lateef Fagbemi ya nemi a kawo masa fayil, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurnin a saki yaran, ran 5 ga wata ofishin Atoni Janar ya karɓe ƙarar ya janye ta, kotu ta sallame su.

Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Amma ɗalibi mai tunani zai yi tambaya biyu. Ta farko, yaya aka yi tuhuma mai nauyin cin amanar ƙasa, wadda hukuncinta ke iya kaiwa ga kisa, ta isa kotu da sunayen yara a kanta kafin ofishin babban jami'in doka ya tace ta? Ta biyu, da yaran ba su faɗi a gaban masu ɗaukar hoto ba, wa zai nemi fayil ɗin? Ikon da ya cece su shi ne ikon da wata rana za a iya amfani da shi a janye ƙarar wani babba da ya ci dukiyar jama'a, ba tare da an faɗi dalili ba. Wuƙa ɗaya ce ke yanka ragon layya, ita ce kuma ke hannun ɗan ta'adda.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Wannan ciwo kowace ƙasa ta yi fama da shi. A Ingila, a 1924, gwamnatin Ramsay MacDonald ta faɗi sabo da zargin cewa ministoci sun sa baki an janye ƙarar wani editan jaridar 'yan gurguzu mai suna Campbell. Daga nan al'ada ta kafu cewa Atoni Janar yana iya jin ra'ayin abokan aikinsa, amma ba ya karɓar umurninsu a kan wanda za a tuhuma. A 1986 suka kafa hukuma ta musamman mai gabatar da ƙararraki dabam da 'yan sanda, mai aiki da rubutacciyar ƙa'ida wadda kowa ke iya karantawa. Tambaya biyu ƙa'idar ke yi a jere: shin akwai shaidar da ake kyautata zaton za ta kai ga samun mutum da laifi, in akwai, shin maslahar jama'a na bukatar a yi shari'ar? Tun 2013 kuma wanda aka yi wa laifi yana iya neman wani lauya dabam ya sake duba shawarar ƙin tuhuma.

A Amurka, bayan abin kunyar Watergate, inda a 1973 Atoni Janar Elliot Richardson da mataimakinsa suka bar aiki maimakon su kori mai binciken Shugaba Nixon, Ma'aikatar Shari'a ta kafa ofishin binciken ɗa'ar lauyoyinta a 1975, ta kuma buga ƙa'idojin tuhuma na Tarayya a 1980. Manyan lauyoyin Tarayya 93 da ke yankunan ƙasar suna da 'yanci mai faɗi, amma ba wanda zai nemi hukuncin kisa sai da iznin Atoni Janar. Su ma ba su huta da gardama a kan katsalandan na siyasa ba har yau. Kenya kuwa a Tsarin Mulkinta na 2010 ta raba aikin gaba ɗaya. Daraktan Gabatar da Ƙararraki mai zaman kansa ne, wa'adinsa shekara 8 ba ƙari, kuma ba ya janye ƙara sai da iznin kotu. Mu ma Majalisar Tarayya ta amince da raba Atoni Janar da Ministan Shari'a a gyaran da ta aika wa Shugaba Goodluck Jonathan, amma a 2015 ya ƙi sa hannu.

Abin Da Nake Gani

Kada wani ya fahimce ni cewa kowane fayil sai ya je Abuja. In aka yi haka, direbanmu na hanyar Shagari zai tsufa a tsare kafin takardarsa ta dawo, kuma duk wanda ke da hanya a sama zai kashe ƙararsa da waya ɗaya. Sakaci a ƙasa da katsalandan daga sama, duka biyun talaka suke ci. Ga abin da shekarun aiki suka koya mini.

Na ɗaya, a ware manyan shawarwari a rubuce, kamar tuhumar da hukuncinta kisa ne, da tuhumar yara, da janye ƙara, da sasanci a kan dukiyar jama'a, a ce ba su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kafin a shigar da ƙara, domin rigakafi ya fi magani. Na biyu, kowace shawara a rubuta dalilinta a cikin fayil, haka kuma duk umurnin da ya sauko daga sama ya sauko a rubuce da sunan mai shi. Na sha ganin babba ya fasa umurni da zarar an ce, ranka ya daɗe, a ba mu a takarda. Na uku, a riƙe littafin shiga da fitar fayil, a sa wani jami'i dabam ya riƙa bin kwanakin nan 14. Na huɗu, kowace shekara Atoni Janar ya kai wa majalisa jerin ƙararrakin da ya janye da dalilansa, tun da Kotun Ƙoli ta ce jama'a ne alƙalansa, jama'a kuwa ba su hukunta abin da ba su gani ba. Kusan duk waɗannan ba su bukatar gyaran Tsarin Mulki, takardar umurni ta cikin ma'aikata ta isa.

Kammalawa

'Ya'yana, wasunku lauyoyi za su zama, wasu 'yan jarida, wasu 'yan majalisa, wasu kuma za su koma Boɗinga da Shagari su zama waɗanda ake bugo wa waya in an kama ɗan wani. Ku san haƙƙin mutanenku. In an ce ana jiran shawarar lauyan gwamnati, ku tambayi ranar da aka aika da fayil, ku rubuta ta, ku koma ku sake tambaya. Wanda kuma Allah ya zaunar a kan irin kujerar da na zauna, ya tuna cewa kowane fayil mutum ne, yana da uwa, kuma ba kowace uwa ce ke da kuɗin motar zuwa ta zauna a bakin ƙofarka ba.

Shugaba, na ci lokaci fiye da wanda aka ba ni, a gafarce ni. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamai suna nan su gyara. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya mai da kowa gidansa lafiya.